Ƙusa a Cibiyar Taya

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi, sunansa Habila. Shekarunsa sun ja, bayansa ya daina yarda da fartanya, 'ya'yansa kuma duk sun tafi birni. Abin da ya riƙe shi a lambun nan wata ƙaramar tarakta ce, tsohuwa, wadda tsayinta bai wuce ƙirjin mutum ba. Da ita yake kafce ƙasa, da ita yake jan amalanken taki. Ta tsufa har an daina kawo kayan gyaranta kasuwa. Idan wani babban ƙarfe ya lalace a jikinta, to, ta gama ke nan, lambun ma ya gama, gama Habila ba shi da wani ƙarfin da zai sa a madadinta.

Gidansa yana kan tudu, lambun yana ƙasa. Hanyar da ke tsakani gangara ce, a gefenta na hagu kuma akwai kwazazzabon da ruwan damina ya haƙa, mai zurfin da zai haɗiye ɗaki.

Da rani ya kama, sai tayar baya ta hagu ta fara girgiɗi. Duk lokacin da ya tashi tafiya ko ya ja da baya, sai a ji ƙwas daga wajen. Habila ya ɗauko sifana ya bi notoci biyar ɗin da ke fuskar tayar, ya ɗaure su. Washegari ƙarar tana nan. Ya sake ɗaurewa, har ya sa ƙafa ya taka sifanar, alhali notocin a ɗaure suke tun farko.

Matarsa Damaris ta ce, "Baban Rahila, wannan tayar magana take yi maka."

Ya ce, "Tsufa ne. Ni ma gwiwata haka take yi da safe."

"Gwiwarka ba ta ɗaukata a gangara," in ji ta.

Wata safiya suka loda taki a amalanke, Damaris ta hau kai ta zauna riƙe da kwanon abinci. Irin tumatirinsu ya isa dashe, ana bukatar a zuba taki a kafce filin kafin ya wuce lokaci. Suna tsakiyar gangara sai aka ji wata ƙara daban, kamar an karya ƙashi. Taraktar ta saki jiki ta fara gudu. Habila ya taka birki har ƙasa. Birkin ya kama sandar ƙarfen da ke juya tayar, amma tayar ba ta ji ba, gama ta rabu da sandar, tana juyawa yadda ta ga dama. Nauyin taki yana tura su daga baya, hancin taraktar yana karkata wajen kwazazzabo. Habila ya murɗe sitiyari da iyakar ƙarfinsa, ya kai ta jikin wani suri da ke bakin hanya. Nan ta tsaya. Tsakanin tayar amalanken da bakin ramin bai fi a shimfiɗa ɗankwali ba.

Damaris ta tashi daga cikin taki, ta kakkaɓe zanenta, ta duba kwanon ta ga miya ta zube.  Sa'an nan ta ce, "Yanzu ka ji abin da take faɗa?"

Habila ya sauko daga kan taraktar.

Ya tallafe ta da jak, ya jera duwatsu a ƙarƙashinta a nan inda ta tsaya. Ya cire murfin tsakiyar tayar, ya kwance babban notin da ke ciki, ya zaro tayar tare da cibiyarta. Ga yadda abin yake. A jikin sandar akwai wani ɗan siririn rami, a cikin cibiyar ma akwai irinsa. Tsakaninsu ake sa wani ɗan ƙarfe mai ƙarfi, mai kusurwa huɗu, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, rabinsa a ramin sanda, rabinsa a ramin cibiya. Shi ne yake sa taya ta bi abin da sanda ta ce, ta juya in an ce ta juya, ta tsaya in an ce ta tsaya. Makanikai suna ce masa ki.

Da Habila ya leƙa, bai ga ki ba. Abin da ya faɗo a tafin hannunsa ƙusa ce, irin ta rufin kwano, an yanke mata kai, ta lanƙwashe ta karye biyu.

Ya nuna wa Damaris, ya yi mata bayanin abin da ya kamata a samu a wurin. Ta ce, "Ki sunansa? To ai ya ƙi zama. Wa ya buɗe nan a ƙarshe?"

Mutum ɗaya ne ya taɓa buɗe wurin. Da damina, mai ya riƙa ɗiga ta bayan tayar, Habila ya kai ta garejin Gidiyon aka canja robar da ke tare man. Gidiyon kuwa ba baƙo ba ne. Shi ne shugaban mawaƙa a ikkilisiyarsu, a gaban Habila ya girma.

Habila ya sa guntayen ƙusar a aljihu ya tafi gareji. Ya tarar da Gidiyon yana duba babur ɗin Dattijo Sila, ɗaya daga cikin dattawan ikkilisiya, shi kuma Dattijon yana zaune a benci yana jira. Bayan gaisuwa, Habila ya buɗe hannu ya ce, "Gidiyon, ka san wannan? A cibiyar tayata na same ta."

Gidiyon ya duba, fuskarsa ta canja. Bai yi musu ba. Ya ce, "Baba, ni ne. Ranar nan ki ɗin ya faɗi cikin yashi, na tona na tona ban gan shi ba, ga shi an buga ƙararrawar koyon waƙa, mutane suna jirana. Na ce bari in sa wannan ta riƙe, in ka dawo in canja. Gaban Allah, na manta." Ya durƙusa a nan cikin baƙin mai. "Ka yi haƙuri, Baba. Ka gafarta mini."

Zuciyar Habila ta yi sanyi. Ya kama hannunsa ya tashe shi, ya ce, "Na gafarta maka, ɗana." Da gaske kuma yake yi.

Dattijo Sila ya miƙe yana murmushi. Ya ce, "Madalla. Haka ake so tsakanin 'yan'uwa. Magana ta ƙare. Mu rufe idanunmu." Ya yi addu'a mai tsawo, mai daɗi. Da aka ce Amin, Gidiyon ya share hawaye ya koma kan babur, Dattijo ya koma bencinsa. Habila ya ɗan tsaya yana jira ko wani zai ambaci tarakta. Ba wanda ya ambata. Shi kuma ya ji nauyin ya sake buɗe baki bayan an ce Amin, sai ya yi sallama ya koma gida.

Damaris ta tarye shi a ƙofa. "Yaushe zai zo?"

"Ya ba da haƙuri."

"Na ji. Yaushe zai zo?"

"Har durƙusawa ya yi. Dattijo Sila ma ya yi mana addu'a."

Ta miƙa masa hannu ta ce, "To, miƙo haƙurin in gani, ko zai shiga ramin nan na cibiya."

Kwanaki suka yi ta wucewa, tarakta tana kan duwatsu a gangara. Irin tumatir ya yi tsayi a wurin reno, ya matsu, ganyen ƙasa ya fara rawaya. Maƙwabta sun gama dashe. Habila ya ɗauki fartanya ya gwada, bai yi nisa ba bayansa ya riƙe, sai da Damaris ta kama shi suka hau tudu. Yana kwance a tabarma yana ta juya abin a ransa. In ya koma wurin Gidiyon, za a ce bai gafarta ba. Ya binciki zuciyarsa da kyau, kamar mai neman tsakuwa a cikin shinkafa, bai sami fushi ba. Amma ya leƙa ta ƙofa, ga tarakta can da ƙafa uku.

Da ya iya miƙewa, ya koma gareji. Dattijo Sila ya hange shi a hanya ya bi shi, ya ce, "Ɗan'uwa Habila, ina fata ba maganar da aka binne kake neman tonowa ba."

Habila ya ce, "Maganar tana binne, Dattijo. Taraktar ce har yanzu ba a ɗaga ba."

"Amma a gabana ka ce ka gafarta."

"Na faɗa, ban kuwa janye ba. Ko yau Ubangiji ya kira ɗayanmu, ba ni da komai a kansa. Sai dai ki ɗina yana cikin yashinsa, ƙusarsa kuma tana aljihuna. Ban ga yadda gafarata ta canja wannan ba."

Dattijo ya girgiza kai, ya ce mutanen yanzu ba su da haƙuri, ya juya.

Gidiyon ya ji kunya da ganin tsohon. Ya ce, "Baba, abu mai sauƙi ne. A ɗora ta a amalanken shanu a kawo nan, in zuba mata walda, cibiya da sanda su zama abu ɗaya. Ba za ta sake motsi ba har abada."

"Ranar da robar mai ta sake lalacewa fa, ta ina za a buɗe?"



Habila ya ƙara da cewa, "Ba na so a rufe wurin da wuta. Ina so a buɗe shi, a sa abin da ya kamata. Ɗauko kayan aikinka ka zo ka gani da idonka."

Da rana ta karkata Gidiyon ya zo da akwatin kayansa. Habila bai kai shi wurin tayar kai tsaye ba, suka bi hanyar daga sama. Sawun yana nan a ƙasa, inda ya miƙe, inda ya karkace, inda ya bi bakin kwazazzabo har ƙasar gefen ta zabtare. Gidiyon ya tsaya ya leƙa ramin. Ya ga takin da ya watse, ya ga murfin kwano can a ƙasa yana ƙyalli. Ya juyo ya dubi Damaris, wadda ta biyo su da ruwan sha.

"Mama, kina kai?"

"Ina kai," in ji ta. "Ni da taki."

Gidiyon ya zauna a kan dutse. A gareji, saboda ƙusa ya ba da haƙuri. Sai yanzu ya ga abin da ƙusar ta kusa aikatawa. Wannan karon bai ce a yi haƙuri ba. Ya tashi ya buɗe akwatinsa.

Ya wanke sandar da kalanzir, ya goge ta da tsumma, ya bi ramin da farce a hankali daga wannan baki zuwa wancan. Habila yana tsaye a kansa, ya zuba masa ido, gama ya sani in ramin sandar ya fashe, ba inda za a samo wata. Gidiyon ya sake bi, ya kawo ido kusa. Sa'an nan ya ce, "Baba, Allah ya rufa asiri. Ƙusar ta fi sandar taushi, ita ta cinye kanta. Ramin yana nan, bakinsa kawai ya ɗan ci. Na cibiyar ne ya ɗan buɗe, sai in yi ki ɗin daidai da shi."

Habila ya nemi wuri ya zauna.

Gidiyon ya yanko guntun ƙarfe mai ƙarfi, ya ɗauki magagari ya fara gogewa. Ya goga ya gwada, ya goga ya gwada. Da ya shiga, Habila ya taɓa ya ji ɗan motsi kaɗan, irin wanda sai mai neman magana zai kula da shi. Ya ce, "Ai wannan ya yi."

Gidiyon ya zare shi ya jefa cikin akwati. "Bai yi ba, Baba. Wannan ma ƙusa ce, wanka kawai ta yi." Ya yanko wani ya fara daga farko.

Yana cikin goge na biyu sai ƙararrawar majami'a ta kaɗa daga kan tudu. Ranar koyon waƙa ce. Damaris ta dubi mijinta, ta dubi Gidiyon, ta ce, "Ga ƙararrawarku can."

Bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Su fara ba ni, Mama."

Na biyun bai shiga da hannu ba, sai da ya bi shi da 'yar guduma a hankali har ya zauna daram. Ya shafa giris, ya mayar da cibiya, ya ɗaure babban noti, ya mayar da murfi. Suka janye duwatsu. Habila ya kama tayar da hannu biyu ya jijjiga ta gaba da baya, ya jijjiga ta gefe da gefe, taraktar duka tana motsi, tayar kuwa ko ƙwas.

Ya hau ya tayar da inji. Kafin ya ja, Gidiyon ya haye amalanken ya zauna daidai inda Damaris ta zauna a ranar. Ya ce, "Mu je, Baba. In akwai saura, ni ya kamata ta fara kayarwa."

Suka gangara. A inda hanyar ta fi tsayi Habila ya taka birki, tarakta ta tsaya cak, da amalankenta, da nauyinta duka. Ya saki, ya sake takawa, ta sake tsayawa. Tsohon ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya kifa goshi a kan sitiyari ya yi godiya ga Allah. Damaris tana biye da su a ƙafa tana dariya, tana cewa yau dai ba wanda zai bar gidanta bai ci tuwo ba. Aka kafce filin, aka yi dashe a makare, irin kuwa ya kama.

To, ma'anar wannan misali ita ce, gafara daban take, gyara daban. Kalmomin suna kama a kunne, shi ya sa muka haɗa su muka mai da su ɗaya, mun kuwa cuci mutane da yawa da wannan kuskure. Gafara aikin wanda aka yi wa laifi ne. Gyara aikin wanda ya yi laifin ne. Ubangiji yana neman duka biyu, bai kuma taɓa ce wa ɗaya ya ɗauki kayan ɗaya ba.

Ƙusar nan ita ce abin da muke cusawa a inda gaskiya ta kamata ta zauna, don muna sauri, wani lokaci ma saurin zuwa aikin Allah. Notocin da Habila ya yi ta ɗaurewa su ne gaisuwa da murmushi da musafahar ranar Lahadi. A ɗaure suke, ba wanda ya ce a kwance suke, amma ba nan ciwon yake ba. Walda kuwa ita ce sulhun da ake yi don kada a sake buɗe magana, ba don an daidaita ta ba.

'Yan'uwa, bari in faɗa a fili, gama abin ya daɗe yana ci mini rai. A cikinmu akwai gwauruwar da aka matsar da iyakar gonarta, aka kai magana gaban dattawa, mai laifi ya ce a yi haƙuri, aka yi addu'a, har yau kuma shi ne yake girbe wannan gefen gonar. Akwai wadda aka ɓata wa suna a gaban zumuntar mata duka, aka je aka ba ta haƙuri a bayan ɗaki, inda kaji ne kaɗai shaidu. Akwai wanda aka ari keken ɗinkinsa aka mayar masa a karye, da ya yi magana sau biyu aka ce ba shi da ruhun gafara. Wannan ba daidai ba ne. A makaranta, in yaro ya ɓata lissafi, ba a karɓar "ka yi haƙuri, Malam" a rufe littafi. Ana yafe masa, sa'an nan ya zauna ya sake aikin har ya fito daidai. In mun san wannan a aji, me ya sa muke mantawa da shi a gidan Allah?

Ku dattawa, ku lura da Dattijo Sila. Ba mugu ba ne, salama yake so. Amma ya ce Amin tarakta tana kan duwatsu, sa'an nan ya ɗora wa wanda aka cuta nauyin yin shiru. Kada ku rufe addu'a sai kun tambaya, me aka ɗauka, wa zai mayar, yaushe kuma. Wanda ya dawo yana neman a gyara masa abinsa ba mai riƙo ba ne. Habila ya gafarta tun ranar farko, bai zagi Gidiyon ba, bai kai sunansa kasuwa ba, a ƙarshe ma tuwo ya ba shi. Ku da aka yi wa laifi, haka za ku yi: zuciya a wanke, baki kuma a buɗe.

Ga kuma albishir a ciki, shi ne dalilin da ya sa na kawo misalin. Ramin sandar bai fashe ba. Yawancin abin da muka ɓata a tsakaninmu yana gyaruwa har yanzu, in aka buɗe da wuri, kafin gangara ta gaba. Gidiyon bai ragu da komai ba don ya durƙusa da magagari a bakin hanya. Ranar ce ma ya sami sauƙin da durƙusonsa na gareji bai ba shi ba.

Saboda haka, kafin mu sake zama a teburin Jibin Ubangiji, kowa ya tuna inda ya bar ƙusa a tayar ɗan'uwansa. Ka mayar da dutsen iyaka inda yake. Ki wanke sunan a gaban waɗanda suka ji kin ɓata shi. In kuwa kana tsakiyar gyaran aka buga ƙararrawa, ka ci gaba da aikinka. Za mu fara ba kai, za mu kuwa ajiye maka wurinka.